Manja, Man Ƙuli Ko Man Shanu: Wanne Za Mu Zuba A Tukunya?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da aka gama hidimar Babbar Sallah saƙonnin da ke shigo mini suka koma kan abu ɗaya: mai da kitse. Ban yi mamaki ba, don haka abin yake kowace shekara a ɗakin da nake ganin marasa lafiya. An ci soye an sha romo, sai kuma a zo awon jini da fargaba. Na zaɓi wasiƙu shida, kuma kamar kullum na ɓoye sunaye.

TAMBAYA: Malama, maigidana yana da shekara 54. Likita ya ce yana da hawan jini, kuma kitsen jininsa ya hau. Tun daga ranar na daina sa mai a girki kwata-kwata. Yanzu ba ya cin abincin gida sai ya taɓa ya ture, kuma na gano da dare yana tsayawa wurin mai tsire. Surukata ta ce ni ce nake horar mata da ɗa, wai su sun tashi da man shanu ga su nan garau. Yaya zan yi? (Wata uwargida daga Funtuwa)

AMSA: 'Yar'uwa, ki mayar da mai tukunyarki tun yau. Niyyarki mai kyau ce, amma miyar da babu mai ba ta ciwuwa, kuma kin ga inda abin ya kai shi: ya bar ɗan man da kike iya aunawa, ya koma wa tozo da kitsen da ba ki san yawansa ba.

Mai iri-iri ne. Akwai wanda idan ya huce yake daskarewa, kamar man shanu da kitsen rago da na sa. Akwai wanda yake zama ruwa ko ya huce, kamar man ƙuli da man riɗi da man waken suya. Mai daskarewar nan shi ne yake sa mugun kolestirol, wanda za ki ga an rubuta LDL a takardar gwajin maigidan, ya taru a jini. Shi kuma a hankali yake liƙewa a bangon jijiya yana matse hanya, har wata rana jini ya kasa kaiwa zuciya ko ƙwaƙwalwa, a wayi gari da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Kusan kashi biyu bisa uku na man shanu irin wannan kitse ne. Kitsen sa kusan rabi. Man ƙuli kuwa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, man riɗi ma haka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kitse mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini. In aka mayar da shi lissafin kicin, wajen giram 22 ke nan ga babban mutum. Babban cokali ɗaya na man shanu yana ɗauke da giram 8 zuwa 9. Cokali uku a kan tuwon dare sun cinye rabon yinin gaba ɗaya tun ba a zo maganar nama ba.

Maganar Hajiya kuma, kada ki yi musu da ita, don akwai gaskiya a ciki. Ni ma na tashi a gaban kakata, kuma na san yadda take ɓoye ɗan ƙoƙon man shanunta. Sai dai da bakin cokali take ɗiba ta ɗiga a tsakiyar miya, kuma ba kullum ba. Tuwon na dawa ne ko gero, nama sai ranar kasuwa, ƙafa kuma ita ce mota. Mu yanzu mun haɗa man shanu da soyayyen nama da shinkafa 'yar gwamnati da lemon kwalba, muka kuma zauna. Sannan waɗanda suka faɗi farat ɗaya a gona a wancan zamani ba wanda ya auna jininsu.

Akwai wani yanki a ƙasar Finland mai suna Karelia ta Arewa. Mazajen wurin manoma ne da masu saran itace, aikin ƙarfi suke yi daga safe zuwa dare, amma a ƙarshen shekarun 1960 suna cikin waɗanda ciwon zuciya ya fi kashewa a duk duniya. Abincinsu bota ne da madara mai maiƙo da nama, ga taba. A 1972 aka fara wani shiri ƙarƙashin wani matashin likita, Pekka Puska, aka bi gida-gida da ƙungiyoyin matan aure ana roƙon mutane su musanya bota da man tsiro, su ƙara ganye, su rage gishiri, su bar taba. Cikin shekara arba'in mutuwar ciwon zuciya tsakanin maza masu shekarun aiki ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Ba canjin mai kaɗai ya yi wannan aiki ba, amma saukar kolestirol tana cikin manyan dalilai. Abin da nake so ki lura da shi: ba su daina cin mai ba, musanya shi suka yi. In aka cire mai aka cike gurbinsa da farar shinkafa da burodi da sukari, zuciya ba ta ƙaru da komai ba.

Don haka ki yi girki da man ƙuli na gaske ko man riɗi ko na waken suya, ki riƙa aunawa da cokali maimakon tuttulawa daga galan. Kowane babban cokali na kowane irin mai yana da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 120, saboda haka mai kyaun ma yana sa ƙiba in ya yi yawa. Miyar da mai ya taso ya rufe samanta ya wuce kima. Ki yanke farin kitsen nama kafin ki dafa, ki cire fatar kaza, ki bar romo ya huce ki kwashe abin da ya daskare a sama. Ki sa kifi sau biyu a mako, musamman taitus ko sadin, don suna da wani mai da ake kira omega 3 da zuciya ke so. Tsiren ma ba sai ya rabu da shi har abada ba: ya zaɓi tsoka zalla, ya bar tozo, kuma kada ya zama na kowane dare. Man shanu ki bar masa ɗan ɗigo ranar Juma'a, Hajiya ta gani ta ji daɗi. Magungunan da likita ya rubuta masa kuwa ya ci gaba da sha, gyaran tukunya ba ya maye gurbinsu.

TAMBAYA: Ina sayen man da aka rubuta "babu kolestirol" a jikin galan ɗin, ko da ya fi tsada. Na yi daidai? (Wani magidanci daga Kaduna)

AMSA: Malam, duk man da ya fito daga tsiro babu kolestirol ɗin da za a ƙirga a cikinsa, har manja, har man ƙulin da maƙwabciyarka ke matsewa. Daga dabba ake samunsa, kuma mafi yawan wanda ke jininka hantarka ce take haɗa shi. Abin dubawa shi ne daga wane tsiro aka tatso man. Mu komai fari muna ce masa man gyaɗa, alhali da yawa daga na galan tataccen manja ne da aka cire masa launi, shi ya sa yake yin gudaji da hunturu. Ka karanta jikin galan ɗin, ka kuma nemi tambarin nan na ido mai harafin A a tsakiya, wanda ke nuna an ƙara masa bitamin A kamar yadda dokar Najeriya ta tanada.

TAMBAYA: Anti, a gidanmu manja muke ci kullum. Ni kuma ba na son ƙarninsa, sai na soya shi ya yi hayaƙi ya koma fari kafin in zuba kayan miya. Wata ta ce mini manja guba ne. (Wata amarya daga Zangon Kumasi, Gana)

AMSA: Amarya, manja ba guba ba ne, amma yadda kike yi masa kina zubar da alherinsa ki riƙe nauyinsa. Jan launin nan nasa karotin ne, irin wanda ke cikin karas da kabewa da mangwaro, kuma jiki yana mayar da shi bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, yake kuma raunana garkuwar jikin yara. A cikin abincinmu kaɗan ne suka kai jan manja yawan wannan sinadari, har an taɓa sa shi a abincin 'yan makaranta a Burkina Faso aka ga bitamin A na jininsu ya ƙaru. Idan kika bar shi a wuta ya yi hayaƙi ya yi fari, karotin ɗin ya ƙone ke nan. Abin da ya rage miki mai ne wanda rabinsa kitse mai daskarewa ne.

Ki narka shi a wuta kaɗan-kaɗan, ki jefa albasa tun bai fara hayaƙi ba, ita za ta kashe ƙarnin. Ki rage yawansa, kuma ki riƙa yi masa hutu da man ƙuli na gaske wasu ranakun, musamman in akwai mai hawan jini ko ciwon suga a gidan. Kada ki haɗa shi da alayyadi, wanda ake samu daga ƙwallon kwakwar, shi kitsensa mai daskarewa ya haura kashi 80 cikin 100.

Abin da ya fi damuna da manja shi ne algus. A 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasarku ta gwada manjan kasuwannin Accra ta tarar an zuba wa mafi yawansa wani rini mai suna Sudan 4 don ya ƙara ja. Rinin masana'anta ne, an hana sa shi a abinci saboda ana zarginsa da jawo kansa. Ki sami mai sayarwa ɗaya da kika amince da ita ki riƙe ta, kuma jan da ya wuce misali ya sa ki tsaya ki yi tambaya.

TAMBAYA: Hajiya, sana'ata tuyar ƙosai da awara, da ita nake riƙe marayu huɗu. Ɗana da ke sakandare ya ce man da nake maimaitawa yana kashe mutane. In na ce kullum sai sabon mai, jarin zai karye. (Wata mai tuya daga Gombe)

AMSA: Allah ya yi wa sana'a albarka, ya raya marayu. Ba zan ce ki zubar da mai kullum ba, na san kuɗin kwalba. Amma yaron bai yi ƙarya ba. Duk lokacin da mai ya hau wuta ya haɗu da iska da ruwan ƙullu, yana lalacewa kaɗan, yana haifar da wasu sinadarai masu cutar da jijiyoyin jini. A ƙasashen Turai da dama doka ce: idan lalataccen ɓangaren ya kai wajen kashi ɗaya bisa huɗu, dole mai gidan abinci ya zubar. Su da na'ura suke aunawa. Ke idonki da hancinki sun isa. In ya yi duhu, ya yi kauri yana danƙo, yana kumfar da ba ta kwanciya, yana hayaƙi tun wuta ba ta kama sosai ba, ko ƙosan yana kartar maƙogwaro, to ya gama aiki, kuma zuba sabo a kansa ba ya dawo da shi.

Ga abin da zai ja miki kwanansa. Ki yi amfani da ƙaramin kasko mai zurfi, ki zuba man da tuyar ranar za ta kusa shanyewa, maimakon babban kasko da zai kwana uku yana tafasa. Ki riƙa tsame ɓarɓashin da ke ƙonewa da matsami, don shi ne ke saurin baƙanta mai. Kada ki bar kasko a kan wuta babu komai a ciki kina jiran masu saye, ki janye itacen. In kin tashi ki bari ya huce, ki tace da ƙyalle mai tsabta, ki rufe, ki ajiye inda rana ba ta bugunsa. Ki zauna ta inda iska za ta kore hayaƙin daga fuskarki, domin mai ci sau ɗaya yake ci, ke kuwa kullum kina shaƙa.

Tunda kin ce a wasiƙarki kina cincin lokacin biki, ki kula da bota ɗin da ake aunawa a kasuwa babu takarda. Akwai wani kitse mai suna tirans da ake samu idan masana'anta ta daskarar da man ruwa da iskar haidurojin. Shi ne mafi muni a duk dangin mai, yana ɗaga mugun kolestirol ya kuma saukar da mai kyaun. Denmak ce ta fara taƙaita shi a 2003, a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a kawar da shi daga abincin duniya, a 2023 kuma dokar NAFDAC ta fito cewa kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. Ki sayi mai lambar hukuma, in kuma yaron ya karanta miki "partially hydrogenated" a jikin roba, ki ajiye ta.

TAMBAYA: Malama, wani abokin aikina yana sayar da wasu ƙwayoyi na ƙasar waje da ya ce antioksidan ne, suna wanke jiki suna hana kansa da tsufa. Kwalba ɗaya ta kusa cinye rubu'in albashina. Ina shan taba, ina kuma son in kare huhuna. In saya? (Wani malamin makaranta daga Sakkwato)

AMSA: Malam, kada ka saya. Kai musamman, saboda tabar nan, ina roƙonka kada ka saya.

Bari in fara da ma'anar kalmar. Ka ga yadda doya ko gauta ke canja launi in an yanka an bari a iska, ko yadda ƙarfe ke tsatsa? Irin wannan yana faruwa a jikinmu kullum yayin da muke ƙona abinci da iskar da muke shaƙa. Antioksidan su ne masu rage wannan tsatsa, kamar yadda ruwan lemon tsami ke hana yankakken abu yin baƙi. Bitamin C da bitamin E da karotin duk suna ciki, jiki ma yana haɗa nasa. An daɗe da lura cewa masu yawan cin ganye da 'ya'yan itatuwa sun fi tsira daga ciwon zuciya da wasu nau'o'in kansa. Sai masana suka ce to bari a tsamo sinadarin a dunƙula shi a ƙwaya a ba mutane da yawa. Tunani ne mai kyau, kuma an gwada shi da gaske.

A Finland an ɗauki maza masu shan taba fiye da 29,000, aka ba wasu ƙwayar karotin kullum na tsawon shekaru. Da sakamako ya fito a 1994, kansar huhu ta fi yawa da kashi 18 cikin 100 a wurin waɗanda suka sha. A Amurka an yi makamancinsa da mutum fiye da 18,000, masu shan taba da waɗanda suka yi aiki da asbestos, wani kayan gini da ƙurarsa ke cutar da huhu, aka ba su karotin haɗe da bitamin A. Dole aka tsayar da gwajin a 1996 tun lokacinsa bai yi ba, don kansar huhu ta ƙaru da kashi 28 cikin 100. Daga baya aka gwada bitamin E a kan maza fiye da 35,000 da fatan zai hana kansar furostet, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. A 2011 aka bayyana cewa ta ƙaru da kashi 17 cikin 100. Duk lokacin da na ga ma'aikaci ya ɗauki kuɗin cefanen gidansa ya ba da a kan irin kwalaben nan raina yana ɓaci, don yawanci mai sayarwar ma bai san da wannan labari ba.

Abin da ke cikin abinci daban yake. Yana zuwa kaɗan-kaɗan, iri ɗaruruwa a haɗe, tare da dusa da ruwa. Kuma muna da shi a ƙofar gida. Goba ta ninka lemon zaƙi wajen sau huɗu a bitamin C. Garin ƙwame na kuka ma yana da shi sosai. Ga zogale, rama, alayyahu, yakuwa, tafasa, ga kabewa da gwanda da tumatir. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a yini, wato kamar cikin tafin hannu sau biyar.

A nan ne maganar mai ta dawo. Karotin da bitamin A, D, E da K ba sa shiga jini sosai sai da maiƙo. Wanda ya ci ganye gaya babu ɗigon mai, yawancin karotin ɗin wucewa yake yi. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man ƙuli da tumatir da albasa, wanda iyayenmu mata suke yi tun ba a san sunan bitamin ba, haɗi ne da ni mai karatun abin ba ni da gyaran da zan yi masa. Haka jan sinadarin tumatir ya fi shiga jiki in an dafa shi da ɗan mai. Ka faɗa wa uwargida abu biyu: ta rage kanwa a miya da wake, don tana kashe bitamin C da B1, sannan in za ta shanya ganye ta shanya a inuwa.

Zoɓo ma yana da nasa. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka aka buga a 2010, masu ɗan hawan jini da suka sha kofi uku kullum na mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da wajen maki 7. Amma nasu ba irin namu ba ne da ake juye wa gwangwanin sukari, kuma mai shan maganin hawan jini ya gaya wa likitansa kafin ya mayar da shi na kullum.

Kada a fahimce ni a baibai. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba masu juna biyu a wurin awo, da ɗigon bitamin A da ake ba yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5, magani ne na rashin da aka tabbatar, a karɓa. Huhunka kuwa, Malam, abu ɗaya ne zai kare shi, kuma ka san shi. Ka je asibiti ka ce kana son a taimaka maka ka bar taba, akwai hanyoyin da ake bi.

TAMBAYA: Ɗiyata tana da wata goma. Ina jin ana cewa mai yana toshe jijiya, shi ya sa kunu tsararo kawai nake ba ta da nono. Ba ta ƙiba. (Wata uwa daga Maraɗi, Nijar)

AMSA: 'Yar'uwa, duk abin da na faɗa a sama na rage mai, na manya ne. Yaron da bai kai shekara biyu ba yana buƙatar mai don ƙwaƙwalwarsa da girmansa. Nonon da kike ba ta ma kusan rabin ƙarfinsa daga maiƙo yake. Cikinta ƙarami ne, in kika cika shi da kunu mai ruwa ta ƙoshi ba ta samu komai ba.

Ku mutanen Maraɗi kun san abincin tamowa na 'yar leda da aka ceci dubban yara da shi a yunwar 2005. Ba wani abu ba ne illa niƙaƙƙiyar gyaɗa da mai da madara da sukari da bitamin, kuma leda ɗaya tana da kalori 500. Ki dama kunun da kauri yadda zai zauna a cokali, ki zuba ƙaramin cokali ɗaya na man ƙuli ko jan manja, ko ki dama da gyaɗar da aka niƙa lukui. Ki tsince gyaɗar tukuna, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane ki zubar, kuma kada ki ba ta ƙwayar gyaɗa guda don tana iya shaƙe ta. Ki ƙara mata dafaffen ƙwai, kifin da aka cire wa ƙaya, faten wake da kabewa, sau uku zuwa huɗu a yini, nono kuma ya ci gaba har ta shekara biyu. Cikin makon nan ki kai ta gidan likita a ɗora ta a sikeli a kuma auna damtsenta da zaren awo. In ya nuna ja, ko kika ga ƙafafunta sun kumbura, kada ki kwana da ita a gida.